Gurbi Biyu

An manna jerin a allon ƙofar tsangaya:
kwas bakwai, gurbi biyu,
a mayar da fom kafin azahar ɗin Alhamis.
Na tsaya ina tauna murfin biro.

Rifkatu ta daki kafaɗata.
"Dokar man fetur, Barira, me kike jira?
Ba ki jin labarin Kolmani ne?
Nan da shekara biyar mu ne a jirgi,
baƙar kwat, jaka mai taya."
Ta sa hannu tana ƙas-ƙas da cingam,
ko layin ƙasa ba ta duba ba.

Bappa Sale ya bugo daga Kumo
ya ce haraji.
Ya ce inda kuɗin gwamnati ke bi,
nan lauya mai wayo ke shimfiɗa tabarma.
Shi ya biya min rajistar bara,
don haka na ce to. To, Bappa.
Irin to ɗin da ba ta da ƙafa.

'Yan aji biyar suka ja mu gindin maina
suka raɗa mana: ku ɗau dokar teku,
malamin bai taɓa kayar da kowa ba.
Dokar teku, a Gombe!
Ni da ruwa mafi girma da na taɓa gani
shi ne madatsar Dadin Kowa,
ita ma ta tagar mota.

Can ƙasa, inda ƙusa ta yaga takardar,
dokar ƙwadago:
Talata, ƙarfe biyu na rana,
a ajin da fankarsa ta mutu tun bara,
wajen Dakta Tabawa,
wadda aka ce ko ranar salla jan biro take riƙewa.
Mutum tara kacal suka rubuta suna.

Babana da yatsu uku yake cin tuwo.
Sauran biyun injin casar shinkafa ya cinye
ina aji uku a firamare.
Manaja ya zo dubiya da buhu ɗaya, da lemo,
da takarda. Ya ce ta asibiti ce, a dangwala.
Baba ya dangwala da hagu,
dama tana cikin bandeji.
Bayan wata biyu mai gadi ya tare shi a ƙofa,
kansa a ƙasa, ya ce an ɗauki wani.

Takardar na nan a akwatin Inna, ƙarƙashin zannuwa.
Sai da na kai aji biyu a nan na zauna na karanta ta.
Layi shida, Turanci mai santsi.
A ranar na san abin da aka saya da buhu ɗaya.

Bai taɓa cewa in rama masa ba.
Da zan tambaye shi, dariya zai yi,
ya ce in ɗauki wanda zai ciyar da ni.
Shi ya sa ban tambaya ba.

Na sake duba jadawali.
Haraji ma Talata ne, ƙarfe biyu.
Jadawali bai san zumunci ba.

Na dafa fom a bango.
Gurbin farko: ƙwadago. Na zama ta goma.
Gurbi na biyu, kada in yi muku ƙarya,
na rubuta dokar teku,
don wadda za ta shiga hannun Dakta Tabawa
tana bukatar inda za ta sha iska.

Sakatare ya buga hatimi bai ɗago ba.
Rifkatu ta leƙa, ta ce, "Ke dai kin so wahala,"
sannan ta miƙo min rabin awararta.

A bakin ƙofar makaranta ina jiran keke zuwa Jekadafari,
waya ta ɗau ruri a jaka.
Bappa Sale.
Na bar ta ta yi sau uku
ina shirya gaisuwa mai tsawo.